Fanka Sai Da Inji

Tun ranar da likita ya ce garin katako ne ke cin huhun mijinta, matar kafinta ba ta ƙara samun sukuni ba. Shagon a jikin gidansu yake, bango ɗaya ya raba shi da kicin, kowane tari ya yi a kunnenta yake sauka.

Abin takaicin, akwai injin zuƙe ƙura a shagon, mai dogon tiyo da buhu a gindi. Kunnawar ce ba ya yi. Wai ƙararsa tana hana shi jin kukan zarto, shi kuwa da kunne yake gane katako zai tsage. Taurin kai kam, Allah ya ba shi rabonsa har da na maƙwabta. Fankar da ke saman teburin aikinsa ita ce 'yar lelensa, da ita yake fara buɗe shago, ta wuni tana juya ƙurar tana ɗura masa a hanci.

Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kai ƙara wurin yayansa, duk a banza. Ranar da ya tafi sayo katako sai ta kira ƙaninta mai aikin wuta, ta ce so take fankar nan kada ta ƙara motsi sai in inji na aiki. Ya cire makunnin fankar daga bango, ya ja wayarta ya haɗa ta da makunnin injin, ya toshe ramin bangon. Yana tattara kayansa ya ce,

"Yaya, kin dai san halin mijinki."

Ta ce ya kama gabansa, ba shi ne ke wanke tsumman tarin ba.

Kafinta ya dawo, ya kai hannu inda ya saba, ya shafo bango. Ya bi sabuwar wayar da ido har inda ta ƙare. Bai tambayi kowa ba, bai kuma kunna komai ba. Haka ya ci gaba da aiki a ƙarƙashin rufin kwano, ba fanka ba inji, gumi da ƙura suna kwaɓewa a wuyansa. Tausayinsa ya yi ta cin ta. Sau da yawa takan ɗauki waya za ta kira ƙanin ya warware abin, sai ta tuna maganar likita ta ajiye. Ita ma ai ba baya ba ce wajen kafiya. Zafin shekarar nan kaf a haka suka cinye shi, tarin kullum ƙara zurfi yake.

Wata rana da azahar tana wanke-wanke, sai bango ya ɗauki rawa. Injin ne! Daɗi ya kama ta, ko hannu ba ta ɗauraye ba ta zagaya shagon.

A zaune ta same shi kan benci, ya jingina da teburi, baki buɗe. Zarto a kashe. Katakon da zai yanka yana ƙasa inda ya suɓuce masa. Ta sunkuya dab da kunnensa saboda ƙarar.

"Abban yara, lafiya?"

Sai da ya yi ta kokawa da ƙirjinsa kafin maganar ta fito.

"Ba aiki zan yi ba. Iska nake nema, ta ƙi shiga."

Ta miƙe da sauri za ta ƙara masa ƙarfin fankar da maɓallin da ke jikinta. A lamba ta ƙarshe ta same ta, ba sauran abin ƙarawa.