Gurbin Sunan Mai Masauki

…kuma ai bai ɗaga kai ba. Duk inda Alu ya juya maganar, nan take dawowa. Bai ɗaga kai ba. To, wa yake ɗaga kai a wannan tagar? Shekara tara yana zaune a bayanta, a biron baƙi, ofishin shige da fice na Yamai, yana buga hatimi a takardun waɗanda suka shigo ƙasa — izinin aiki, izinin zama, bizar baƙunci — kuma hannuwa kawai ya sani. Hannun Bature mai haƙar rijiyoyi, ja, duk gashi. Hannun tela ɗan Kwatano mai tabon allura. Hannu ya miƙo takarda, hannu ya karɓa. Fuska kuwa tana jikin hoto, wa zai wahalar da wuyansa?

Ƙullin yana kan tebur. Tsohon zanen saƙi ne, baƙi, an yi masa ɗauri biyu. Musa mai gadi ya ajiye shi da safen nan, tun Alu bai cire hula ba. “Mushe, ranka ya daɗe, tsohuwar ga ta jiya, kafin ta hau kamyo, babbar motar mai da baƙi, ta ce a ba mai tagar nan. Ta ce ɗan riƙon Bawa na Matamai. Ai kai ne ko?” Ya juya abinsa, yana jan ƙafar nan tasa.

Ɗan riƙon Bawa… Wa ya san wannan a Yamai? Ko Raliya matarsa ba ta sani ba. A takarda shi ɗan Bawa ne, ba ɗan riƙo ba.

Gero ne a ciki. Ya kwance ya gani, ya mayar ya ɗaure, ya sake kwancewa. Bai fi mudu biyu ba. An sheƙe shi tas, babu ƙaiƙayi, babu tsakuwa ko ɗaya — wani ya zauna ya tsince shi da yatsa. A bana! Shekarar da gero ya zama abin da ake bin layi a kansa tun asuba, shekarar da makiyaya suka zube a bakin kogi wajen Saga ba saniya ko ɗaya, suna kallon shinkafar mutane…

Jiya. Bari ya bi ta daki-daki, ko zai ga inda laifin ya shigo. Bayan azahar ne, fanka ta tsaya, layi ya kai bakin ƙofa. Tunda yunwa ta koro mutane birni sojoji suka kafa doka: baƙon da ba shi da takarda, ya faɗi sunan mai masaukinsa, mai masauki ya zo ya sa hannu, a ba shi bizar baƙunci ta wata uku. Wanda ba shi da kowa, kamyo yana jira a tsakar gida, a mai da shi iyaka. Doka ce mai sauƙi. Alu ma har yaba ta ya yi, don tana rage surutu.

Hannu ya zo kan taga, babu takarda a ciki. Hannu busasshe, da tsohon lalle a farce.

Suna? Tabawa. Ya rubuta. Tabawa nawa ce a duniya? Kowane ƙauye da tasa. Ƙasa? Daga ƙasar Daura — ya rubuta Najeriya, don takarda ba ta tambayar gari, gurbin ma ɗan mitsitsi ne. Ta yaya kika shigo, iyaka a rufe? Bai jira amsa ba. Ta daji, ai kowa ya sani. Wurin wa kika zo?

Nan ne. Nan ne ya ɗan ɗaga ido, ɗan kaɗan, sai ya ga kunne. Kunne da gefen wuya da bakin mayafi. Ta kau da fuska gaba ɗaya tana kallon bango. Kuma ba shi ta ba amsa ba, matar da ke bayanta a layi ta taɓa. “Ki ce mishi wurin yaron nan na zo.”

Ki ce mishi! Ga shi zaune, taku ɗaya tsakaninsu. Ransa ya ɓaci, gaskiya ya ɓaci, ya ce tsohuwa ce mai raini. Wane yaro? Sunansa?

…sai ɗakin nan ya dawo, ɗakin da ya manta yana da shi a kai. Yana ɗan shekara bakwai, Baba Bawa ya ɗauke shi a bayan raƙumi sun ƙetara iyaka zuwa wani ƙauye a ƙasar Daura, suna ake yi. Akwai wata mata a gidan, da ya shiga ɗaki sai ta fita. Ya bi ta tsakar gida, ta shige madafa. Kwana uku bai ga fuskarta ba sai ƙeya. Amma kullum da hantsi wata yarinya za ta kawo masa fura a ƙaramar ƙwarya, nonon furar ya fi na kowa kauri. Ya ce wa Inna Delu, matar Baba Bawa, waccan matar ba ta sona. Inna Delu ta yi dariya har da hawaye. Ita ta haife ka, ja'iri. Kai ne na fari, ba za ta dube ka ba, ba za ta kira sunanka ba, ko za a yanka ta. Da aka yaye ka aka ba mu kai.

Ya san wannan. Wane Bahaushe ne bai san kunyar ɗan fari ba? Shi da kansa yana tsokanar Raliya a kan yadda take kewaye sunan babbar 'yarsu. A gida ya sani. A bayan taga kuwa wani karatun ne a kansa, wanda Shef, shugaban biron, ya koya musu tun shekarar farko: wanda ya ƙi haɗa ido da kai, ƙarya yake yi, wanda ya kasa faɗin sunan mai masaukinsa, ba shi da mai masauki. Alu ɗalibi ne mai ƙoƙari, kullum shi ne na ɗaya tun a lakwal, makarantar boko. Ga inda ƙoƙarin ya kai shi.

Sau uku ya tambaya. Sunansa? Matar bayan ma ta sa baki, Iya, ki faɗa mana, kamyo fa za su sa ki. Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe baki. Me yatsunta suke yi a kan katakon taga? Suna shafa shi… a hankali, wajen da hannunsa yake, ba su taɓa shi ba. Ya janye hannu don kada ta ɓata masa takarda.

Dalilin zuwa? Bai ma tambaya ba. Ya dubi ƙullin da ke kanta — ya ga ƙulli, bai ga kai ba — ya rubuta: bara.

Bara! Allah Sarki. Matar da ta ji a rediyo ana mutuwa da yunwa a Nijar, ta auno daga abin da su ma ba ya isar su, ta ratsa daji, ta hau motar da ta samu, kwana nawa? Daura zuwa Yamai kwana nawa ne ga tsohuwa? Wa ya nuna mata biron? Ta tsaya a bakin ƙofa tana neman mai taga, aka ce ba ki da takarda, shiga layi. Ta shiga layi. Ta zo har gabansa da abincinsa a kanta.

Ya kama babban yatsanta — ya taɓa ta, ashe ya taɓa ta! — ya danna a tawada, ya danna a takarda, kamar yadda yake yi wa duk wanda bai iya sa hannu ba. Yatsan yana rawa. Ya ce tsufa ne. Sannan hatimi, jan nan, an ƙi. Na gaba!

Wani yana ƙwanƙwasa katako. Hannu fari, agogo, fasfo mai ruwan bula. Izinin aiki, kamfanin hanya. Alu yana dubawa, haruffa suna yawo. Hatimi. Hannun ya tafi. Ka ga wannan, daga bayan teku ya zo, babu wanda ya tambaye shi wa ya haife shi.

Kamyo ya tashi jiya da la'asar sakaliya. Ya ji tashinsa, har ya ce alhamdulillahi tsakar gida ta yi sarari. Yanzu suna ina? Sun wuce Doso tun jiya. Konni? Iyaka a rufe take, ba a miƙa su ga kowa, a bakin daji ake sauke su a ce ga ƙasarku can. Konni ina, Daura ina! Ba ta ma san hanyar ba. Kuma abin da za ta ci… ga shi nan a kan teburinsa.

Akwai hanya. Kada ya yi wa kansa ƙarya, akwai. Shef yana da waya, yana iya kiran jandarmomin hanya, a ce akwai wata Tabawa a kamyon jiya, an yi kuskure, mai masaukinta ya fito. An taɓa yi, saboda matar wani ɗan kasuwa. Sai dai Shef zai buɗe takarda. Mai masauki: wane. Dangantaka: me? Gurbin nan ba a barinsa fari.

Uwa.

Kuma a dosiyensa, fayil ɗin aikinsa, can cikin kabad ɗin ƙarfe na ofishin Shef, an rubuta: an haife shi a Matamai, uba Bawa, uwa Delu. Baba Bawa ne ya kai shaidu biyu gaban alƙali shekarar da za a sa shi lakwal, suka rantse, aka ba su goro. Wa ya ɗauke shi laifi a lokacin? Iyaka a wurinsu wata tsamiya ce da ake hutawa a ƙarƙashinta. Baba Bawa ya rasu, shaidun sun rasu, takarda ta rage. Yau kuwa soja ke mulki, shekara goma ke nan, kuma bara waccan an kori wani a ma'aikatar kuɗi saboda irin wannan, aka ce baƙo ne ya ci amanar ƙasa. Ma'aikacin biron baƙi, baƙo! Dariyar da za a yi a Yamai… Gidan haya a Banifandu, Raliya da ciki, yara huɗu, buhun da ake ba ma'aikata a ƙarshen wata. Shi da kansa zai zagaya ya tsaya a wancan gefen tagar. Wurin wa ka zo? Wa zai ce?

Tsoro yake ji. Ba wani suna da za a sa masa, tsoro ne, kuma yana jin kunyar tsoron.

Ko dai ta sani? Wannan ne ke cin sa tun safe. Baba Bawa ai ya gaya musu can ƙauye: a takarda nawa ne, kada a kuskura a faɗa gaban hukuma. Da ta ga kaki a bakin ƙofa, ta ga bindiga, ta ga ɗanta a bayan taga da farar riga… kunya ce ta rufe mata baki, ko shi take rufa wa asiri? Ai tana iya cewa ɗan riƙon Bawa tun a layi, kamar yadda ta gaya wa Musa. Ba ta ce ba sai da ƙafarta ɗaya ke kan kamyo, sai da ta tabbata babu mai rubutawa. Ta zaɓi kamyo. Ko kuwa shi ne yake ƙirƙira wannan don ya samu inda zai ɓuya — ta yafe, ta so haka, zauna abinka?

Yana neman fuskarta. Rufe ido, Alu, nemo ta. Ƙeya a bakin madafa. Kunne, da huda ba ɗan kunne. Gefen wuya. Shi ke nan abin da yake da shi, shekara talatin da huɗu. Sau biyu Allah ya kawo ta gabansa. Na farko ita ta kau da kai, na biyu su duka biyun. Da za a jera tsofaffi goma a tsakar gidan nan a ce nuna uwarka…

Takardun jiya suna cikin aljihun tebur, ba a kai wa Shef ba tukuna, sai sha biyu. Ya zaro tata. Ga rubutunsa, kyakkyawa, wanda ake yabo. Tabawa. Najeriya. Bara. Ga jan hatimi a karkace. Ga yatsanta a ƙasa, tawadar ta ɗan ja gefe saboda rawar da ya yi. Ya ɗora nasa a kai. Nasa ya rufe shi duka, ashe ƙaramin hannu ne da ita.

Gurbin mai masauki fari fat.

Alƙalami yana hannunsa, bai san sanda ya ɗauka ba. Harafi uku ne kacal. Sunan da aka raɗa masa a kunne tana kwance a ɗaki tana ji, ta riƙe shi a ciki shekara talatin da huɗu ba ta bari ya fito ba ko sau ɗaya. Yana rubutawa. Ya rubuta. Ga shi nan a kan layi, ɗanye, yana sheƙi, jiya ne ake nemansa.

Saura gurbin da ke ƙarƙashinsa. Dangantaka.

Agogon bango ya ce sha biyu saura kwata. Ƙofar Shef a buɗe take, ana jin yana dariya a waya. Taku goma sha biyu ne daga nan, ya sha ƙirgawa. Bai tashi ba. Ɗakin duk ƙanshin gero yake, ko shi kaɗai ke ji?

“Mushe,” in ji Musa daga bakin ƙofa, “layi fa na jira.”

Wani hannu ya riga ya hau kan taga, babu takarda a ciki. Alu yana kallon hannun. Wuyansa ya yi nauyi… yana so ya ɗaga kai, wallahi yana so, amma in ya ɗaga ya ga fuska, ta yaya zai san ba ita ba ce?