Luba Mai Ƙuli Ta Fita Neman Fadima

A shekarun da kwanon gero ya fi ƙarfin talaka, takin zamani kuma sai mai hanya yake ganinsa, matan Unguwar Ɗorawa, wani ƙauye kusa da Tofa, sun sami abin da yake ɗauke musu hankali da hantsi. Basiru, ƙanin Malam Tasi'u, yana zuwa cin rani birni, in zai dawo sai ya taho wa matarsa Sakinatu da littattafan hikaya, irin 'yan siraran nan masu hoto a bango. Sakinatu ta yi firamare, karatunta babu gargada. In an gama wanke-wanke sai matan maƙwabta su shigo, a baje gyaɗa a tabarma, ana ɓara tana karanta musu.

Gyaɗar ta Luba ce, matar Malam Tasi'u. Ita ce mai matsar mai da ƙuli-ƙuli a unguwar, mace gajera mai ƙarfin murya, ta aurar da 'ya'ya mata har ta fara ganin jikoki. Ba ta iya sauraron labari bakinta a rufe. In mutumin banza ya fito a littafi sai ta zage shi kamar yana tsaye a tsakar gidan.

Wata rana Sakinatu ta ɗauko wani sabo, labarin wata mata da ƙanwarta ta ɓace a tashar mota. Aka yi ta karatu, matar nan ba ta da aiki sai kuka. Ta yi kuka a ɗaki, ta yi kuka a bakin rijiya. Da ƙyar ta ɗaura ɗan ƙunshinta za ta fita nema, sai littafin ya ƙare, wai a nemi kashi na biyu.

"Ina na biyun?" in ji Luba.

"Yaya, bai fito ba. Basiru ya ce takarda ta yi tsada."

"To Allah ya kyauta! Mace ta zauna tana jiƙa zane da hawaye, ƙanwarta tana can ko ta ci ko ba ta ci ba. Da ni ce, tun a shafin farko na kama hanya."

Wata tsohuwa cikin masu ɓarar ta ɗago kai ta ce, "Ke ɗin? Fadimarki fa? Kin nemo ta?"

Mata suka yi dariya, amma Luba ba ta yi ba. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta har aka watse.

Fadima aminiyarta ce tun suna talla. Tare aka yi musu kitso, tare suka yi rawar gaɗa a dandali, aurensu ma damina ɗaya aka yi. Sai babban farin nan ya zo, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka yi ta faɗuwa a bakin hanya. Mijin Fadima, Mika'ilu, ya sayar da 'yar gonarsa ya kwashi iyalinsa ya yi kudu. Ran da za su tafi Luba tana ɗakin jego, ko rakiya ba ta yi musu ba. Tun daga nan shiru, kusan shekara ashirin. Iyayen Fadima sun rasu, gidansu ma an mai da shi gona. Abin da Luba ta sani kawai shi ne Basiru ya taɓa cewa an ga Mika'ilu yana dako a kasuwar Dawanau. Ta ji maganar a lokacin, ta ce wata rana, wata ranar kuma ba ta zo ba.

Da la'asar ta sami Malam Tasi'u a zaure yana gyaran fartanya. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na ji jibi za ka kai wake Dawanau. Ina son ka tafi da ni."

"Ke kuma me kika ajiye a Dawanau?"

"Fadima zan nemo."

Ya ajiye fartanyar ya dube ta. "Luba, kin san kasuwar nan kuwa? Mutum da buhunsa ma ɓata yake yi. Littafin Sakinatu ne ya hau kanki."

"Ya hau ɗin. Malam, yara sun girma, ba ni da na goye. In ban neme ta yanzu ba, sai yaushe?"

Malam Tasi'u mutum ne mai ƙunƙuni amma ba mai hanawa ba. Ya yi ta mitar kuɗin mota, sannan ya ce ta shirya da wuri, shi ba ya jiran mace. Luba ta kwana biyu tana soya ƙuli, ta cika kwalba da man gyaɗa mai kyau, ta ɗaure su a tsumma.

Suka hau a-kori-kura, ita a kan buhun waken. Da suka sauka Dawanau sai ta ga gaskiyar Malam. Buhuna jibge kamar duwatsu, manyan motoci suna ta hayaƙi, 'yan dako suna gudu suna ihun a ba su hanya. Shi ya tafi wajen dillalinsa, ya tambayi 'yan dako ko sun san Mika'ilu, kowa ya ce Mika'ilu wanne, su nan Mika'ilu sun fi a ƙirga. Ya dawo ya ce, "To kin gani."

Luba kuwa idonta ya riga ya kai kan wasu mata can bayan rumfuna, masu share hatsin da ya zube suna shiƙewa a faifai. Ta nufe su, ta yi sallama, ta kwance ƙunshinta ta raba musu ƙuli. Ba ta tambayi Mika'ilu ba. Cewa ta yi, "Ina neman wata Fadima, doguwa, mai wushirya, in ta yi dariya sai ta dafe ƙirji. Mutuniyar Tofa ce."

Suka yi ta duban juna. Can wata dattijuwa mai suna Aishatu ta tauna ƙulinta ta ce, "Akwai wata da ta yi shiƙa da mu, bayan mijinta ya rasu. Buhu ne ya faɗo masa, bai ƙara lafiya ba. Ta bar nan ta koma sana'ar abinci a Bacirawa. Sunanta dai Fadima, amma ban riƙe garinsu ba."

Luba ta yi salati jin mutuwar. Aishatu ta kakkaɓe zanenta ta ce yau kasuwar ba ta da wani abin kirki, za ta raka su, ita ma tana son ganin ƙarshen abin nan.

Malam Tasi'u ya ce shi dai wake ya kawo, ba yawo ba. Amma shi ne ya fara shiga motar Bacirawa.

Bacirawa a lokacin gari ne mai tasowa, sababbin gidajen ƙasa a tsakiyar gonaki, kowa baƙo. Aka nuna musu gidan Fadima mai abinci. Luba ta shiga da guɗa tun daga zaure, ta rungume matar da ta tarar tana tankaɗe ta baya. Matar ta juyo, sai ga wata ƙatuwa baƙa, ba wushirya, ba komai.

"Baiwar Allah, lafiya?"

Luba ta saki hannu, kunya kamar ta nutse. Da aka yi wa matar bayani sai ta fashe da dariya har tana share ido. Ta ce ita Fadimar Bichi ce, amma rungumar ta karɓa, an daɗe ba a yi mata irinta ba. Ta ba su ruwa, ta yi tunani, ta ce, "Doguwa mai wushirya? Ai mai ɗanwake kuke nema, ta bayan masallaci. Ba wanda yake ce mata Fadima a nan, Inna Mai Ɗanwake ake cewa." Ta yafa mayafinta ta ce ba za a yi babu ita ba.

Haka suka jeru a lungu, mata uku a gaba, Malam Tasi'u a baya yana riƙe da kwalbar mai. Maƙwabciyar da ta tambayi inda za su, ita ma ta bi sahu.

Gidan ƙarami ne, dangar kara, ɗaki ɗaya da rumfa. Malam ya tsaya a waje. Wannan karon Luba ba ta yi guɗa ba. Ta yi sallama a hankali ta leƙa. Wata mata ce a tsugune gaban tukunya tana jefa ɗanwake a tafasasshen ruwa. Ta rame, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta, amma yadda take karkatar da wuya in tana aiki bai canza ba.

"Fadima," in ji Luba.

Matar ta ɗago. Ta dubi Luba, bakinta ya buɗe, ƙwaryar ƙullun ta suɓuce daga hannunta. Sai ta zabura ta faɗa ɗaki ta turo ƙyaure, ana jin muryarta tana A'uzu billahi, tana jan Ayatul Kursiyyu da ƙarfi.

Luba ta matsa bakin ƙyauren. Aishatu ta ce, "Ko faɗa kuka yi kafin ku rabu?"

"Wane irin faɗa? Fadima, ni ce fa, Luba!"

Daga cikin ɗaki Fadima ta ce, "Luba ta rasu! Ta rasu wajen haihuwa, tun muna Zariya aka gaya mana. Ko ke wace ce, na haɗa ki da Allah ki koma inda kika fito."

"Wa ya gaya muku?"

"Wani mutumin Tofa. Ya ce Luba matar Tasi'u."

Luba ta dafe kai. "Wayyo, Fadima! Ai Luba matar Tasi'u mahauci ce, ta gabas da kasuwa, Allah ya ji ƙanta. Ni ga ni nan da raina. Fatalwa tana hawa a-kori-kura ne? Fatalwa tana kawo ƙuli? Ga Malam can a ƙofar gida, ki tambaye shi in ya taɓa binne ni."

Daga bayan danga Malam Tasi'u ya yi gyaran murya ya ce, "Fadima, ita ce. Da ta mutu da kunnena ya huta."

Ƙyauren ya buɗe kaɗan. Hannu ya fito ya taɓa kafaɗar Luba, ya matsa, ya shafa fuskarta. Sai Fadima ta fito gaba ɗaya ta faɗa jikinta, suka zube a ƙasa suna kuka suna dariya, ba mai jin abin da ɗaya take faɗa. Fadimar Bichi ta rangaɗa guɗa, matan lungun suka cika gidan, ɗanwake kuwa ya yi ta tafasa har sai da Aishatu ta tuna da shi ta tsame.

Da ƙura ta lafa aka shimfiɗa tabarma. Fadima ta ba da labarin Zariya, da yadda suka dawo Kano hannu biyu, da jinyar Mika'ilu. Ta ce da ta ji iyayenta sun rasu, ta kuma ji Luba ta rasu, sai ta ga ba wanda za ta je ta tarar a Unguwar Ɗorawa. Tana cikin magana sai wata budurwa ta shigo da tulun ruwa a ka.

"Aminiya, zo ki gaida mai sunanki," in ji Fadima.

Luba ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. Fadima ta ce, "Bayan labarin ya zo na haife ta. Na roƙi Mika'ilu ya sa mata Luba. Na kasa kiran sunan, shi ne nake ce mata Aminiya."

Luba ta jawo yarinyar ta zaunar da ita a cinyarta kamar jaririya, ita kuwa tana ta sunkuyar da kai don kunya. Aka zuba ɗanwake, aka kwarara masa man da Luba ta kawo, aka daka yaji da ƙuli. Kowa ya ci, aka miƙa wa Malam nasa a waje.

Fadima ta matsa jikin danga ta ce, "Malam, ina da tambaya. Ba sallar da na yi tun ranar nan ban roƙa wa Luba gafara ba. Kowace Juma'a ina sadakar ɗanwake da sunanta. To ladan nan wa ya samu, ita ko matar mahauci?"

Malam Tasi'u ya suɗe hannunsa ya ce, "Taskar Allah ba ta ƙarewa, Fadima. Ya ishe su su biyu, har da ke."

"Shi ya sa!" in ji Luba. "Ni fa na ce shekarun nan duk wahalarsu ko ciwon kai ba na yi."

Malam ya koma gida shi kaɗai a ranar, yana cewa ya kawo wake ya sayar, mata kuma an ƙwace masa. Luba ta yi kwanaki a Bacirawa tana taya jefa ɗanwake, sannan ta taho da Fadima da 'yarta. An yi ruwa a makon, gero ya kai gwiwa, gonaki sun haɗe da juna har bakin gidaje. Fadima ta sauka daga mota ta tsaya tana kallo, tana nuna wa 'yarta inda gidansu yake a da.

Washegari Fadima ta ce a raka ta gabas da kasuwa. Ta yi wa iyalan mahauci gaisuwar da ta makara shekaru, ta zauna da 'yar marigayiyar ta gaya mata duk abin da ya faru, har ita ma ta yi murmushi. Daga nan suka biyo ta cikin gonaki, Luba a gaba tana lissafa mata waɗanda suka yi aure da waɗanda suka haihu, Fadima tana binta tana cewa a tsaya, ita fa ba ta gane kowa ba tukuna.