Sabuwar A-kori-kura a Bakin Gangara

Tun 'yarsa Auta tana goye Mai Bulo yake tuƙa a-kori-kura guda ɗaya, yana kai wa magina bulo. Motar ta tsufa har ƙofar fasinja da igiya ake ɗaure ta. Birkin hannu kuwa ya mutu tuntuni, dutse yake sa wa taya in ya tsaya. Wurin buga bulonsa a kan tudu yake, hanyar shiga gari kuma gangara ce doguwa. Kullum in ya zo bakinta sai ya cire giya ya sa mota a firi, ya kashe inji, ta yi ta zubowa da kanta ba a ƙona mai ba. In ya kusa ƙasa ya taka kuloci, ya jefa giya, ya saki ƙafa, inji ya yi tari ya tashi. Haka ubangidansa ya koya masa, haka ya yi ta yi har gemunsa ya yi fari. Hannunsa ma ya daina shawara da shi, da kansa yake zuwa kan makulli.

Da injin ya buga bugun da bakanike ya ce ba tashi, Mai Bulo ya nufi gidan sayar da motoci na Dogo, wanda suka yi karen mota tare suna samari.

Dogo ya shafa bodin wata fara ya ce, "Ga ta nan, ko ledar kujera ba a cire ba. Amma ka san ƙa'idar gidan nan. Ba na miƙa makulli sai na zauna gefen mai saye, mun hau tudu mun sauko."

"Gefen wa?"

"Gefenka mana. Motocin yanzu ba irin gyatumarka ba ne."

"Kai Dogo, lokacin da nake juya tifa da baya, kai ruwa kake zuba wa lagireto. Yau ni za ka koya wa tuƙi?"

Dogo ya yi dariya. "To, ni dai mai zuba ruwa ban taɓa buga inji ba."

Mai Bulo ya gyara hula ya fice ko sallama babu.

A gida Auta ta buɗe masa waya. Ta ce, "Baba, a intanet ba mai zama gefenka. Ka zaɓi kala, ka biya, a kawo maka har ƙofa." Abin da yake son ji ke nan. Da ta ce akwai bidiyon da ke bayanin motar, sai ya kore ta da bayan hannu.

Aka kawo ta a bayan wata babbar mota. Mutumin da ya kawo ya sauke ta, ya ɗauke ta hoto, ya miƙa makulli. Kafin a kawo masa ruwan sha ya yi gaba. Mai Bulo ya shiga, ya leƙa ƙasa, ya ga abin takawa biyu ne kawai, ba kuloci. Bai bari Auta ta ga mamakinsa ba. Ya zagaya fili da ita, ya gane inda ake tura sandar giya ta yi gaba, inda take baya, inda take firi. Ya tsayar da ita ya sa mata dutse, ya ce wasan yara ne.

Washegari da hantsi aka loda mata bulo har ta zauna a kan tayoyin baya. Matarsa ta fito da sabon mayafi. Ta daɗe da rantsewa ba za ta ƙara shiga motar da ake ɗaure wa ƙofa da igiya ba, yau kuwa ta ce sai ya sauke ta gidan ƙanwarta a cikin gari.

Suna tashi motar ta fara ƙara, ƙit-ƙit-ƙit, ba ƙaƙƙautawa.

Ta ce, "Malam, bel take so a ɗaura. Auta ta faɗa."

"Mota ma yanzu da bakinta," in ji shi. Ya ɗaura yana tsaki, ita ma ta ɗaura, ƙarar ta tsaya.

Tana ba shi labarin yadda ƙanwar za ta buɗe baki in ta gan ta a gidan gaba, suka iso bakin gangara. Bai yi niyya ba, bai ma sani ba. Hannunsa ya tura sanda firi, ya murɗa makulli. Inji ya yi shiru, sanyin cikin mota ya ɗauke.

Da farko ba abin da ya canza. Motar tana zubowa sumul, ya taɓa birki ta ji, ya ƙara taɓawa ta ji. Da ya sake takawa sai ya ji kamar dutse ya taka. Ya danna da ƙarfi. Abin bai nutse ba, motar kuwa ta ɗan rage kaɗan ta ci gaba, nauyin bulo yana tura ta daga baya.

Ƙafarsa ta hagu ta tafi neman kuloci, ta daki ƙasan mota. Ta sake nema, ta sake dukan ƙasa. Ya jefa sanda a giyar gaba kamar yadda ya saba, yana jiran tarin inji. Shiru. Ya murɗa makulli, ko uffan motar ba ta ce ba. Ya sake murɗawa har yatsansa ya yi zafi.

Matar ta bar zancen ƙanwarta. "Malam, ba ka gudu da yawa kuwa?"

Ya ƙara danna birki.

"Malam."

"Riƙe ƙofa."

"Me ya faru? Ka taka birki mana!"

"Ina takawa!"

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya miƙe a kan birkin da ƙafa biyu, bayansa manne da kujera. Hannunsa ya lalubi ƙarƙashin sitiyari inda birkin hannun tsohuwar yake, ya damƙo iska. Na wannan bai san inda aka sa shi ba, bai taɓa nema ba. Sandunan lantarki na gefen hanya suka fara wucewa da sauri. A baya bulo yana gurnani, yana gugar juna.

Gangarar tana da kwana ɗaya kafin ƙasa. Ya ja sitiyari, ya ji shi da nauyi kamar an zuba masa siminti. Motar ta bi kwanar da ƙyar, tayar gefen matarsa tana cin bakin kwalta, tsakuwa tana dukan bodi. Ta saki ƙara, ta kira sunan Auta.

Suna fita kwana ya hango ƙasa. Mahaɗar hanya ce, da rumfar jiran bas cike da mutane, ga bas ɗin kuma ta tsaya a tsakiyar hanya tana saukewa. Ya dubi matarsa ta wutsiyar ido, mayafin ya zame, ta rufe ido tana motsa leɓe. Shi ne ya ɗauko ta a kujerar nan. In suka kai mahaɗa, gefenta ne zai fara cin bas.

Kafin mahaɗar, a gefen hanya, akwai filin mai sayar masa da yashi, ƙofa a buɗe, tsibin yashi ya kai tsayin ɗaki. Ya ja sitiyari can, motar ta ƙi juyawa yadda yake so.

Ya ce, "Kama! Kama nan ki ja wajenki!"

"Ban iya ba!"

"Ja kawai, uwar Auta, ja!"

Ta kama da hannu biyu. Suka ja tare, shi yana turawa har da kafaɗa. Hancin motar ya karkata, ya goge ginshiƙin ƙofa, madubi ya tashi sama. Wani mai shebur ya yar da shi ya faɗa gefe.

Suka nutse cikin yashi. Bel ya shaƙe masa ƙirji, wani farin abu ya fashe daga sitiyari ya mare shi a fuska. Bulon baya ya taho gaba ɗaya ya daki bayan kan motar, gilashi ya zube musu a wuya.

Shiru, sai yashi da ke zuba a kan rufi.

Ya kasa juyawa ya dube ta. Ya zauna yana kallon sitiyari yana sauraron ko zai ji numfashi. Ya kira ta a hankali, ba amsa. Ya sake kira, muryarsa ta zama ta wani mutum daban.

Can ta yi tari, ta ce, "Hannuna, Malam." Ta ƙara da cewa, "Mayafin ma ya yage."

Hannunta ya karye, aka yi mata ɗaurin siminti a asibiti. Motar kuwa gidan Dogo aka ja ta, don ba wani wurin da ke da kayan gyaranta. Dogo ya zagaya ta bai yi dariya ba. Ya ce a motocin yanzu inji ne ke ba birki da sitiyari ƙarfi, kashe shi kashe su ne. Ya ce da ya mayar da sanda firi ya murɗa makulli, da ta tashi nan take.

Mai Bulo ya ce, "A firi take ai. Ni na cire ta."

"Na sani. Ni ma da haka zan yi, ba don an zauna gefena ba."

Ranar da aka gama gyara, Mai Bulo da bakinsa ya ce Dogo ya shigo su hau tudu. Matar ta ce ƙafarta ƙafarsu, ta zauna a tsakiya da hannu a rataye. Dogo ya nuna masa birkin hannu, ɗan maɓalli ne kusa da sandar giya. Suka hau, suka juyo.

Suka iso bakin gangara. Mai Bulo ya ƙanƙame sitiyari, yana ce wa kansa kar ya taɓa, kar ya taɓa. Hancin motar yana sunkuyawa ya ga hannunsa ya bar sitiyari ya nufi makulli.

Ta kai masa duka da hannun simintin. Ya janye yana yarfe yatsu.

Ta ce, "Sauka da mu, Malam. Ina kallonsa."