Diskin Marigayi

Cha'ibu ya goge duk abin da ke cikin ordinatar ɗin wansa, wato kwamfutarsa, kwana tara da rasuwarsa. Ni na sa shi.

Marigayin ɗan farina ne. Yunus sunansa. A takarda na iya rubutawa, da baki ban taɓa kira ba. Shekara shida ya yi yana aiki da wata ƙungiya mai raba magani ga masu ciwon sida, wato ƙanjamau, daga Matameye har ƙauyukan Dungu. Sunayen mutanen da unguwanninsu da ranar da aka auna jinin kowa, duk suna cikin na'urar. Da ciwon hanta ya kwantar da shi, ya ce mini abin da ke ciki amana ce, kada ido ya gani. Ƙungiyar tana da nata kwafin a Damagaram. Na ce na ji.

Ni maƙeri ne. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, sauran karatuna na allo ne. Abin da na sani, in an wanke allo rubutu ya tafi. Cha'ibu ya danna abin da zai danna, ya nuna mini fuskar na'urar fayau. Na ce ya riƙe ta ya yi aikinsa na tasha.

Batirinta ya mutu, Cha'ibu ya kai wa Zulaiha, ƴar ƙanena, mai rumfar gyaran waya a bakin kasuwa. Da la'asar sai ga ta a maƙera da na'urar a hammata.

"Baffa, wannan ba gogewa ba ce," in ji ta.

Ta ce na'urar lambar ƙofa kawai take cirewa, kaya suna nan a ɗaki sai ranar da aka zuba wasu a kansu. Duk wanda ya san hanya zai fito da su. Na ce ƙarya ne. Ta jona wuta a shagon tela, ta yi ƴan danne-danne, wata takarda ta bayyana. Karatuna a hankali yake, amma kafin in kau da kai na riga na haɗa suna ɗaya. Mutumin da nake gyara wa garma ne tun yana saurayi. Sahu ɗaya muke a masallaci. Tun ranar ban iya gaisawa da shi yadda na saba ba.

Zulaiha ta ce magani shi ne a cika cikin na'urar da sifili daga farko har ƙarshe, yadda ba abin da zai saura a ƙasa. Aikin awa biyar ne, kuma sai da wuta. Na rufe maƙera ana gab da shuka, manoma suna jiran fartanya, na tafi rumfarta na zauna a kan benci, don ban yarda in bar abin a hannun kowa ba. Ranar farko aka ɗauke wuta ba a yi nisa ba. Ta biyu ma haka. Kowane karo sai ta koma farko. Bayana ya riƙe, ƙafafuna suka kumbura. A rana ta uku na tambaye ta a ina abin yake zaune. Ta kwance ƙusa huɗu, ta zaro wani ɗan ƙarfe mai faɗin tafin hannu, ta ce shi ne diski. Na auna shi a hannu. Ƙarfe dai aikina ne. Na sa a aljihu, na ce gobe zan hura wuta.

Ashe Cha'ibu har da hotuna ya share. Na biki, na suna, da muryar marigayi yana yi wa ƴarsa Fati wasa. Matarsa Asma'u ba ta da wasu. Tana cikin takaba labari ya kai mata cewa abin da aka goge yana dawowa.

Na sa aka kira Zulaiha. Ba ta ɓoye ba. Ta ce mai yiwuwa da yawa suna nan, tunda sifilin bai yi nisa ba. Amma a cakuɗe za su fito, dubbai, ba suna ba alama, sai an buɗe ɗaya bayan ɗaya kafin a san hoto ne ko takarda. Ta ce za ta dafa Alƙur'ani ba za ta karanta ba. Matata Habi ta sa baki, ta ce Fati za ta tashi ba ta san fuskar ubanta ba. Ni ma ban yi niyyar karantawa ba ranar da na karanta.

Da safe na ɗauki guduma da awartaki zan fita, na tarar da Asma'u durƙushe a bakin zaure, Fati a goye. Shekara bakwai tana gidana, ba ta taɓa yi mini magana ba sai ta bakin Habi.

"Baba, ko guda ɗaya ne," ta ce, kanta a ƙasa.

Diskin yana aljihuna.

Na ce, "A'a. Ba za a buɗe ba."