Ranar Gada ko Ranar Rijiya

Mutumin ya shigo shagon shayin Gwaggo Awadiyya da ke unguwar Hayyin Ashir a Alƙahira da hantsi, ya zauna a benci, ya nemi shayi da na'ana'a. Ni ce mai wanke kofuna. Ba na iya magana da baƙi, sai dai in miƙa shayi in sunkuyar da kai.

"Ke ce Arwa, ƙanwar Zubairu?" ya ce da Hausa irin ta garinmu a Sudan.

Na ci gaba da wanke kofi. Wata bakwai ke nan Yaya Zubairu yana ɓoye a wani ɗaki a unguwar Faisal. Ya yi yaƙi a Sudan tare da 'yan tawayen da ake kira mutanen dutse, ya gudo da harbi a cinya, kuma ana raɗe-raɗin akwai masu farautar irinsu har cikin Alƙahira. Ni da Gwaggo kaɗai muka san ɗakin.

"Wane Zubairu?" in ji Gwaggo, tana fifita gawayi. "Zubairun da ke unguwar nan sun fi kyanwoyinta yawa."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya! Sunana Abakar. Na zo masa da saƙon matarsa Mahasin daga sansanin gudun hijira. Ni ne fa na goyo shi a bayana ranar Gada."

Na tsaya da kofi a hannu. Yaya bai taɓa cewa ranar Gada ba, ranar Rijiya yake cewa. Wata rana ina wanke masa ciwo ya gaya mini dalili. Sojojin gwamnati a mota suke zuwa, da taswira, abin da ke rubuce a takarda shi suke gani: gada, bariki, kasuwa. Su kuwa mutanen dutse a ƙafa suke saukowa, don haka inda suka sha ruwa suke tunawa. Ban da haka, sojoji ne suka riƙe gadar a ranar, kuma babu mai kiran yaƙi da sunan abin da aka ƙwace masa.

Sai na ce, "Malam, a ina kuka sha ruwa ran nan?"

Ya dube ni kamar bango ne ya yi magana. "Ke yarinya, wa ke tuna ruwa ana ɓarin wuta?"

"Yaya yana tunawa."

Sai da na faɗa na gane na yi ɓaranɓarama. Idonsa ya yi haske.

"Ashe kina ganinsa."

"A waya ne, tun bara," Gwaggo ta yi caraf. "Kai kuma ɗana, Gada ka ce?"

"Kowa ma haka yake cewa, har a rediyo."

"Wane rediyon?"

Ya kurɓi shayinsa, ya rubuta lamba a bayan kwalin taba, ya ajiye. "Ma'alish, ku yi haƙuri, ku ba shi in ya kira." Ya fita, amma har azahar ina hango shi tsaye gaban mai sayar da ful, dafaffen waken Masar, yana kallon ƙofarmu.

Ban je Faisal a ranar ba. Washegari na sa baƙar abayar Gwaggo da niƙabi, na bi ta ƙofar baya. Sau biyu na canza mota kafin tashar Ramsis, na shiga taragon mata a jirgin ƙasa, ina ta waiwaye. Duk hanya ina tunanin ko mun zalunci bawan Allah. Watakila da gaske rediyo ne ya sauya masa baki, Mahasin kuma tana can tana jiran amsa.

Yaya ya saurare ni har na gama, yana dafe da sandarsa.

"Abakar ya ce sunansa?"

"Eh."

"Abakar ne ya goyo ni, gaskiya ne. Kwana biyu bayan nan na zuba masa ƙasa da hannuna."

Ya karɓi kwalin, ya daɗe yana kallon lambar. "Ya ce Mahasin na da rai?"

"Haka ya ce, Yaya."

Ya runtse ido. Sannan ya yayyaga kwalin, ya jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado.

"Yalla, maza ki koma ta wata hanya. Inda zan je, ke ma ba zan gaya miki ba."