Koren Waken Mairam

Murfin firizar na ɗaguwa, wani farin hayaƙi mai sanyi ya taso ya daki fuskar Haladu. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Haɗeja da ke sa kaji su buɗe baki su lafe a gindin randa. Amma ga shi tsaye a rumfar Mairam, matar ƙanensa marigayi, yana kallon koren wake jere cikin ƙananan ledoji, kore shar, kamar da safen nan aka tsinko shi.

Shi dai aron tsani ya kawo shi. Sai ya tarar da Hajiya 'Yar'azumi mai girkin biki zaune a kan turmi, tana fifita da gefen mayafi, ana loda mata waken a kula.

"A'a, Malam Haladu, manyan fadama!" in ji ta. "Kai da ke da lambu har bakin kogi, ina naka waken? Na zagaye kasuwa kaf, ko ƙwaya ban gani ba."

"Namu ai ya ƙare tun cikin sanyi, Hajiya."

"Ya ƙare, ko dai ya ruɓe?" Ta yi dariya har da dukan cinya. "Wallahi yarinyar nan ta fi ku. Ɗan filin bayan ɗaki, amma ita ke fitar da mu kunya. Shinkafar biki in babu koren nan a ciki, ai sai a ce ta sadaka ce."

Haladu ya yi dariya shi ma, don ba yadda zai yi. Ya saɓa tsani ya nufi waje. A bakin zaure Mairam ta cim masa, ta ɗan rusuna.

"Yaya, abin fa ba wuya. In uwargidanka Yaya Binta ta samu sarari ta shigo, sai in nuna mata yadda..."

"Muna da abin yi," ya ce, bai ko juyo ba.

Munzali, ƙanen nasa, ya daɗe yana aikin girki a wani gidan abinci a Kano. Da ya dawo gida, maimakon ya sayi gona ko ya ƙara ɗaki kamar kowa, sai ya shigo da firiza, ya ɗora farantan sola a saman kwano. Haladu na cikin waɗanda suka yi masa dariya. Bai jima da dawowa ba ciwon hanta ya ɗauke shi, ya bar Mairam da yara biyu, Jannat da ƙanenta na goye. A zaman makoki kowa ya zo sai ya dafa kafaɗar Haladu: marayu sun zama naka, Allah ya ba ka ikon riƙewa. Ya kuwa shirya riƙon a ransa. Har ya hango yadda zai riƙa tura musu kwanon gero, ana faɗa a unguwa ana sa masa albarka. Sai dai Mairam ba ta taɓa aikowa a ba ta ba. Tana fita takaba ta ɗauki fartanya ta shiga bayan ɗaki. Ranar Sallah ma ita ce ta aiko wa gidansa da shinkafa, da koren a ciki.

Katanga ɗaya ce ta raba su. In gari ya yi tsit da rana tsaka, yana kwance a tabarma yana jiyo ƙugin firizar nan, ƙasa-ƙasa, ba ta gajiya. Sai ya juya ya ba katangar baya, amma kunnensa na can.

* * *

Da ruwan kogi ya janye aka shiga noman rani, Haladu ya rage albasa, ya rage tattasai, ya ba koren wake rabin lambu. Ya yi ta fama da ciyawar kacala a bakin magudana, ya yi ta ɗura wa injin ban-ruwa mai. Wake kuwa ya yi kyau, har masu wucewa Auyo a babur kan rage gudu su kalla. Matsalar ita ce na kowa ma ya yi. Dillalai suka zo suka taya yadda suka ga dama, suna tsaye suna sakace, don sun san in ya kwana biyu a kwando zai yi yaushi.

Wannan karon Haladu bai sayar duka ba. Ya cika buhuna, yadda aka tsinko shi daga lambu, ko wankewa babu, ya kai wa Badamasi mai ƙanƙara, abokinsa tun na yarinta. Ya ce ya cusa masa a ƙasan firizarsa sai bazara.

"Ka kuwa tambayi Mairam yadda take yi?" in ji Badamasi.

"Sanyi ai sanyi ne. Ko nata daga Makka aka kawo?"

Firizar Badamasi da wutar gari take aiki. A kawo yau, a ɗauke gobe da jibi. Waken ya daskare ya narke, ya sake daskarewa ya sake narkewa, ba wanda ya leƙa shi. Ranar da zafi ya tsaya sosai, kore ya ƙare a kasuwa, Haladu ya sa wankakkiyar riga ya je ɗauko arzikinsa. Aka fiddo buhunan gaban shago, ƙarƙashin darbejiyar da 'yan majalisa ke zama bayan la'asar. Yana kwance bakin buhu wani wari ya buso. Waken ya yi baƙi-baƙi, ya saki, yana yauƙi a hannu.

"Haladu, wannan wake ne ko daddawa?" wani ya tambaya.

"Ku bar shi, miyar kuka zai buɗe wa shago."

"Malam, ka daure ka je matar ƙanenka ta sa ka a makaranta. Allo ma ni zan saya maka."

Majalisa ta ɗauki dariya. Daidai nan keken da ke kawo Hajiya 'Yar'azumi ya wuce ta gabansu, ya tsaya a ƙofar Mairam. Haladu ya bi shi da kallo har aka shiga da kula biyu. Ya goge hannunsa a jikin bishiya, a hankali, yatsa bayan yatsa.

"Ni dai abin da na sani," ya ce, "ɗanyen abu ba ya yin wata da watanni bai canza kama ba. Ko mutum ne ya mutu, in ana so ya jima sai an yi masa dabara." Ya dubi 'yan majalisa. "Ban ce komai ba fa. Amma ina yayanta Zarami yake aiki?"

Kowa ya san Zarami leburan asibiti ne. Dariyar ta tsaya cak. Wani ya ce, "Inna lillahi." Badamasi ya dubi Haladu, ya daɗe yana dubansa, sannan ya shige shago.

A hanyar gida Haladu ya ji ƙirjinsa ya yi sanyi, irin sanyin da ya daɗe bai ji ba.

* * *

Ba a jima ba maganar ta dawo masa har ɗaki, ta yi ƙiba, ta canza kaya. Matarsa Binta ce ta shigo da waya a hannu, ido a waje.

"Baban Tasi'u, ka ji abin da ake ciki? Ashe ruwan da ake yi wa gawa allura da shi take zuba wa waken nan!"

Ta kunna masa saƙon murya. Wata mata ce da bai san ta ba, tana rantsuwa cewa da idonta ta ga Zarami ya shiga gidan da jarka. Saƙo na biyu ya ce a wani biki a garin Malam Madori mutane sun yi ta amai har an kwashe su a mota.

"Ke dai ki rage ɗaukar maganar waya."

"Maganar waya? Mu da muka ci da Sallah! Ashe shi ya sa cikina bai sake zama daidai ba. Ni dai na hana yarana shiga gidan."

Keken Hajiya ya daina zuwa. Masu sayen ƙulli ɗaya na miya ma suka ɗauke ƙafa. A Islamiyya yara suka riƙa janye tabarma in Jannat ta zauna.

Wata rana da yamma Haladu na zaure yana gyaran bututun ban-ruwa, sai ga Mairam da goyo. Ta yi sallama ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta rame, har zoben hannunta na juyawa.

"Yaya, wajenka na zo. Ba ni da wani babba a garin nan sai kai."

"Ina jin ki."

"Wallahi tallahi ruwan zafi ne kawai da ƙanƙara. In na tsinko da sanyin safiya sai in wanke, in cire kai da gindi. In tsoma shi a tafasasshen ruwa, kafin ya nuna in tsame, in juye cikin ruwan ƙanƙara. In ya tsane a kwando sai in ƙulle a leda, in matse iskar. Shi ke nan, Yaya. Haka marigayi ya koya min. Na ce wa matan unguwa su zo in yi a gabansu, ko ɗaya ba ta zo ba. Amma kai in ka shigo ka gani, ka tashi a masallaci ka faɗa, za a yarda. Kai ba a ƙaryata ka."

Ruwan zafi. Abin da ke kan murhun gidansa kullum safiya. Haladu ya tsura wa bututun ido. Tausayinta ya kama shi, wannan gaskiya ne, don ba mutumin banza ba ne shi. Sai dai a ƙarƙashin tausayin akwai wani abu da bai motsa ba. Ga ta a durƙushe tana kuka, amma ko a hakan ita ce ke koya masa. In kuma ya tashi ya wanke ta, 'yan majalisa za su kalli juna. Bayan nan keken zai dawo ya tsaya a ƙofarta.

"Ni ban san wanda ya fara wannan magana ba," in ji Mairam, tana share ido da gefen hijabi. "Ban taɓa cin na kowa ba. Ko wane ne, na bar shi da Allah."

"Ki yi haƙuri. Irin wannan in aka tanka, ƙara girma take. Ki bar ta ta mutu da kanta."

"Kafin ta mutu me yaran za su ci, Yaya?"

"Ai ga ni," ya ce. "Ba ni ne ubansu ba?"

Maganar ta fito masa da sauƙi, har ta yi masa daɗi a baki. Mairam ta ɗago ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba, sannan ta yi godiya ta tashi.

Da aka sallame magariba, kafin mutane su watse, Haladu ya yunƙura zai tashi ya yi magana. Har ya dafa gwiwa. Badamasi na gefen sahu yana kallonsa, yana jira. Sai Haladu ya gyara rigarsa, ya wuce neman takalmi.

* * *

Ruwan farko bai sauka ba mahaifin Mairam ya zo daga Auyo, wani tsohon masunci da idonsa ya fara raunana. Ya ce ba zai bar 'yarsa a garin da ake toshe hanci in ta wuce ba. Amma ɗakinsa ɗaya ne, kifin ma ya yi ƙaranci. Dattawa suka zauna suka yanke: ta tafi da na goye, Jannat ta zauna gidan baffanta Haladu. Firiza da farantan sola kuwa gadon marayu ne, baffansu zai ajiye.

Mairam ba ta yi gardama ba. Ta ɗaure wa Jannat kayanta a zani, ta kamo hannunta ta kawo ta har ƙofar Haladu, ta juya da sauri kafin yarinyar ta gane an gama.

Da majiya ƙarfi suka kinkimo firizar, Binta ta tare zaure da hannu biyu.

"Ba za ta shigo min gida da abin nan a ciki ba. A fitar da shi duka, a wanke ta da toka."

"Inna, ba komai a ciki," in ji Jannat, ƙullin kayanta a ka. "Mu ma shi muke ci."

"Shi ya sa kika koma kamar tsinke. Wuce ciki." Ta juya ga mijinta. "Kuma kar a zubar a juji, Baban Tasi'u, awakina su ci. A binne shi."

Haladu ya naɗe hannun riga. Ya loda ledojin a baro da kansa, ya tura zuwa bayan gida inda ake zuba toka, ya haƙa rami. Wani dattijo maƙwabci ya zo wucewa, ya tsaya ya dogara sandarsa.

"Sannu Malam Haladu. Ga riƙon marainiya, ga tsare lafiyar unguwa. Allah ya saka maka da alheri."

"Amin, Baba."

Da dattijon ya wuce, ya shiga farka ledojin ɗaya bayan ɗaya yana juyewa. Farar ƙanƙarar da ke jikinsu na narkewa a rana, koren na ƙara fitowa a kan baƙar ƙasa. Ya tsuguna a bakin ramin. Ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya ɗauki guda ya sa a baki. Waken ya ce ƙaras a haƙori, da sanyinsa, da ɗan zaƙinsa, kamar a lambu da safe.

Sai ya ji takun mutum ta lungu. Ya yi maza ya tofar a cikin ramin, ya goge baki, ya ɗauki shebur.