Warin Man Shanu a Ƙafar Sharhabilu

Ranar da ɗana Sharhabilu ya karye a filin ƙwallo, likita ya ɗaure ƙafar da farin simintin nan da muke cewa platir, daga tafin sawu har ƙasan gwiwa. Ya ce kada a jiƙa, kada a taɓa, kada ya taka. In ƙashin ya goce, da ɗingishi yaron zai girma. Shekararsa goma kacal.

Ina da rumfar atamfa a kasuwar Tokpa-Hoho, dole in fita. Maigidana ya tafi arewa sayen shanu. A gida sai surukina Alhaji Yero, wanda tsufa ya raba da kasuwar dabbobi, sai kuma 'yan haya.

Wata yamma ina goge wa yaron yatsu na ji wari. Ba na zufa ba ne. Na kai hanci, man shanu. Gefen simintin ta baya ya yi laushi, ya yi rawaya.

"Me ka zuba a ciki?"

"Ba komai, Mama. Ƙaiƙayi yake yi."

"Ƙaiƙayi ne ke warin man shanu?"

Ya juya fuska ga bango.

Wanda na fara zargi Kassoum ne, mai koya musu ƙwallo. Kullum sai ya zo da lemo yana zancen wasansu da yaran unguwar Placodji, wai babu mai tsaron gida kamar ɗana. Na tare shi a ƙofa.

"Kassoum, me kake shafa masa?"

"Ni, Madam? Wallahi ko kusa da ƙafar ba na zama. Tsoronki nake ji fiye da tsoron likita."

Ya rantse, ya ƙara rantsewa. Duk da haka na ce ya daina zuwa.

Ya daina, warin bai daina ba. Sai ga tsaga a bayan simintin, doguwa, miƙaƙƙiya. Faɗuwa ba ta yin tsaga haka, wannan aikin wuƙa ne. Na ɗauko kwalli na ja layi a gicciye bisa tsagar yana barci. Washegari da yamma layin ya rabu, rabi sama rabi ƙasa. Ana buɗewa ana mayarwa ke nan.

Na tambayi Hauwa, 'yar hayar da ɗakinta ke kallon namu. Ba ta ɗago daga wankinta ba.

"Ke Safara'u, ɗan fari ne fa. Ko kunya ba kya ji, kullum hancinki a ƙafarsa? Yaro yana da kaka a gida."

Da ta ce kaka sai hankalina ya koma kan Alhaji.

Kashegari na rufe rumfa kafin azahar na hau zem, babur ɗin haya, na sauka a bakin titi don kada a ji ƙarar babur. Tun daga zaure na jiyo yaron yana kukan da ake dannewa.

Alhaji na zaune kan tabarma, ƙafar na kan cinyarsa. Simintin a ajiye gefe kamar ɓawon gyaɗa. Yana murza man yana jan diddigen.

"Yi shiru, rago. Ɗan maraƙi ma ba ya wannan rakin."

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kallon idonsa ba. Na durƙusa.

"Baffa, barka da rana."

"Yau kasuwa ta tashi da wuri?"

"Baffa, likita ya ce kada a taɓa."

"Likitan da ya kulle ƙafa a cikin siminti ba iska ba mai? Dabbobin da na ɗora ba su ƙirguwa. Jikana ne, ba zan bari ƙafarsa ta shanye ba. Tashi ki ba mu wuri."

Na dubi yaron. Leɓensa duk tabon haƙori.

"Kaka ya ce kada in faɗa, Mama."

Ban tashi ba. Da gwiwoyina na matsa, na sa hannu biyu na ɗauke ƙafar daga cinyar surukina. Hauwa ta yi salati daga bakin rijiya. Na mayar da simintin, na naɗe da ɗankwalina, na goya shi. Ya yi mini nauyi, amma haka na kai shi titi na tare taksi.

A asibiti aka sake hoto. Ƙashin ya ɗan goce, amma likita ya ce bai kama sosai ba, za a iya gyarawa. Sai da mutum biyu suka riƙe yaron. Ni ce na riƙe kansa.

Yanzu tare muke fita kasuwa. Yana kwance bayan tarin atamfa, ƙafar bisa matashi, yana gaya wa masu saye wace kala ta fi. Alhaji ba ya amsa gaisuwata. Kowace safiya ina durƙusawa in gaishe shi, sannan in ɗauki ɗana mu tafi.